Yadda Za Ka Nemo Sarƙar Tsaga Katako a Kumasi, Ka Kuma Gane Wadda Ta Dace da Injinka

Duk wanda ya ɗaura injin zarto a jikin firam, wato ƙarfen da ke riƙe inji yana daidaita kaurin yanka, don ya tsaga gungume ya fitar da katako, matsalar sarƙa ce za ta fara tare shi. Sarƙar da ta zo da inji daga shago an yi ta ne don kayar da itace da datsa shi gunduwa-gunduwa. In ka sa ta a firam za ta ci, ba wai ba za ta ci ba, amma za ka ji inji yana fizga, firam yana kakkarwa a hannunka, katako kuma ya fito da kunya-kunya a fuska, sai kafinta ya aske kauri mai yawa kafin ya samu santsi. Itacen da aka yi shekaru ana jira ya girma bai kamata ya ƙare a garin katako ba. Akwai sarƙar da aka yi musamman don wannan aiki, ita ce sarƙar tsaga. Nemanta a Kumasi yana da 'yar wahala ga wanda bai san abin da zai tambaya ba.

Amma kafin maganar sarƙa, akwai maganar hukuma, kuma ba abin wasa ba ce. Tun 1998, ƙa'idar L.I. 1649 da ta biyo bayan dokar katako ta 1997 ta hana a yi amfani da injin zarto a mayar da gungume katako don sayarwa ko wata harkar kasuwanci a Ghana. Ƙa'idar L.I. 2254 ta 2017 da ta maye gurbinta ba ta ɗage wannan hani ba. Shi kansa injin ana so a yi masa rajista a majalisar gunduma da kuma ofishin gandun daji na gundumar da za a yi aiki. Sannan itacen da ya tsiro da kansa a gona, kamar odum ko wawa, ba ya zama naka ka sare yadda ka ga dama don kawai gonar taka ce. Hukuncin wanda mutum ya dasa da hannunsa daban ne. Don haka wannan jagora ta mai aikin kansa ce, wanda zai rufa ɗakinsa ko ya yi benci da ƙofa daga itacen da yake da izini a kai. Ka fara zuwa ofishin gandun daji, ka faɗa musu itacen da kake nufi da inda yake, ka karɓi amsa a rubuce. Wanda aka kama da inji a daji, tsadar sarƙa ita ce ƙaramar damuwarsa.

Me ya raba ta da sauran sarƙoƙi

Ka ɗauki gungume a matsayin ɗaurin tsintsiya. In za ka datsa, kana yanke tsinkayen ne ta gefe, kowane haƙori ya tsinke kaɗan ya wuce. A firam kuwa takobin inji, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, yana shiga ne ta bakin ɗaurin, yana cin kawunan tsinkayen gaba ɗaya daga wannan ƙarshe har wancan. Shi ya sa tsaga ta fi datsa cin mai da cin lokaci, kuma shi ya sa garin da ke fita ya fi laushi.

Bambancin sarƙoƙin biyu yana saman haƙori. Ka kwantar da sarƙa ka dube ta daga sama. Bakin haƙorin sarƙar datsa a karkace yake sosai, digiri 25 zuwa 35, galibi 30. Wannan karkata tana sa haƙori ya riƙa jan kansa zuwa gefe, na dama ya ja dama, na hagu ya ja hagu. A datsa hakan ba ya damun kowa, amma a tsaga shi ne ke zana kunya a fuskar katako. Haƙorin sarƙar tsaga kusan a miƙe yake, digiri 10. Ba ya kaucewa gefe, yana aske gabansa ne kawai, don haka fuska take fita sumul, yankan ma ba ya buɗewa fiye da kima.

Kar wani ya ce maka sarƙar tsaga za ta ninka maka sauri. Abin da take bayarwa shi ne tsabtar yanka da tafiya ba fizga. Sauri yana ga ƙarfin inji da kaifin haƙori.

Mataki na farko: lambobi uku, tun daga gida

Nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta. Mutum ya shiga shago ya ce, "Masta, ba ni sarƙar inci 36." A ba shi, ya hau mota har gona, ya tarar ba ta zauna ba. Tsawon takobi ba ya isa a sayi sarƙa da shi. Lambobi uku ake buƙata, kuma in ɗaya ta kuskure, sarƙar ba taka ba ce.

Ta farko ita ce tazarar ƙusoshi, wadda a shago za ka ji ana ce mata fici. Ana auna ta ne daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta uku, a raba biyu. A manyan injuna iri biyu za ka fi gani: 3/8 da .404. In ka sa ma'auni a kan ƙusa uku ka ga kusan milimita 19, to 3/8 ce. In ka ga wajen 20 da rabi, .404 ce. In 16 da rabi ka gani, .325 ce, ta ƙananan injuna, ba ta aikin manyan gungumai ba. Dole wannan lamba ta yi daidai da sifroket ɗin da ke juya sarƙa a jikin inji, da kuma wanda ke hancin takobi in yana da shi. Ka cire murfin gefe ka goge sifroket da tsumma. A irin mai zobe za ka ga an buga lamba kamar 3/8-7 ko .404-7, ma'ana fici da yawan haƙoransa.

Ta biyu ita ce kaurin ƙafar sarƙa, wato geji. Ƙafa ita ce ɗan harshen da ke ƙasan sarƙa, wanda ke gudu cikin kwarmin takobi. Kaurin da aka saba gani uku ne: milimita 1.3, da 1.5, da 1.6. A lissafin inci su ne .050 da .058 da .063. Ido ba ya raba su. In ƙafa ta fi kwarmi kauri ba za ta shiga ba, wannan ma da sauƙi, don nan take za ka gane. Abin tsoro shi ne ta shiga amma tana lilo. A firam takobi a kwance yake, don haka sarƙar da ke lilo sai ta kwanta gefe guda, yanka ya riƙa nutsewa ƙasa ko yana hawa sama, katako ya fito gefe ɗaya ya fi kauri.

Ta uku ita ce yawan ƙafafu. A jikin kwali ana rubuta ta da haruffan DL. Takobi mai inci 20 a ficin 3/8 yakan ɗauki 72, mai inci 24 ko 25 ya ɗauki 84. A inci 36 kuwa, na Stihl yakan ɗauki 114, na Husqvarna 115. Ƙafa ɗaya tak, amma ta isa ta hana sarƙa ɗaurewa yadda ya kamata.

Duka ukun galibi an buga su a gindin takobi, wajen da murfi ke rufewa. In gogayya ta cinye rubutun, tsohuwar sarƙa za ta gaya maka. Ka wanke ta da kananzir, ka shimfiɗa ta a kan katako cikin haske, ka duba gefen ƙafa ɗaya da kyau, akwai 'yar lamba a buge. A sarƙar Oregon, 72 da 73 da 75 duk 3/8 ne, kaurinsu 1.3 da 1.5 da 1.6 bi da bi, 27 kuma .404 ce mai kaurin 1.6. A ta Stihl, lambar da ke ƙafa tana nuna kauri: 3 tana nufin 1.3, 5 tana nufin 1.5, 6 tana nufin 1.6. Sai ƙirga: ka ɗaura zare a ƙafa ɗaya ko ka shafa mata alli, ka bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ka dawo kanta. Ƙafafu za ka ƙirga, ba haƙora ba. Ka maimaita, ko ka sa yaronka ya ƙirga nasa ku gwada. Daga nan ka rubuta lambobin a takarda, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Masu injunan da aka kwaikwayi Stihl 070, waɗanda suka yi yawa a kasuwa, su fi kowa kula da wannan. Kar ka dogara da abin da ka sani game da na asali, ka auna abin da ke hannunka. Tsohon takobi ma kwarminsa yana buɗewa da aiki. Ka saka sarƙa ka tura haƙori gefe da yatsa, in tana kwanciya sosai, sabuwar sarƙa ba za ta yi maka magani ba sai an gyara takobin ko an sauya shi.

Mataki na biyu: wace iri

Injinka ne zai fara yanke hukunci. Stihl 070, mai wajen sisi 106 (sisi, wato cc, ma'aunin girman inji ne), da MS 880, da Husqvarna 3120 XP, galibi da .404 suke tafiya. MS 660 da MS 661 da Husqvarna 395 XP, masu sisi casa'in da 'yan kai, sun fi zuwa da 3/8. MS 381 da MS 382, masu sisi 72, za su tsaga matsakaicin gungume da 3/8 in an bi su a hankali, amma kar a ɗora musu dogon takobi a itace mai tauri. Ka kuma tuna firam yana cin inci 4 zuwa 6 na tsawon takobi wajen ɗaurewa, don haka mai inci 36 faɗin wajen inci 30 zai yanka maka.

Tsakanin .404 da 3/8, ta farko ta fi ƙarfi da jure wahala, haƙorinta ya fi girma, amma ta fi cin katako a kowane yanka. In injinka na iya ɗaukar kowacce kuma katako siriri kake fitarwa da yawa, ni 3/8 zan zaɓa, don kowane yanka da ta rage maka milimita ɗaya ko biyu, a ƙarshen gungume yana iya zama ƙarin katako. Akwai wadda ta fi su siranta, Stihl 63 PMX, da ake amfani da ita a injunan tsaga na kamfanin Logosol na Suwidin. Tana da kyau, amma tana son nata takobi da nata sifroket, ba ta hawa kan 3/8 na yau da kullum duk da lambar ta yi kama. Ga wanda ke Kumasi kuma kayan gyara a nan zai nema, ban ga dalilin shiga wannan ɗawainiya ba.

Sunayen da za ka riƙe su ne waɗannan. A Stihl, haruffan RMX su ne alamar tsaga: 36 RMX ita ce 3/8 mai kaurin 1.6, 46 RMX ita ce .404 mai kaurin 1.6. A Oregon ana kiran jerin RipCut: 72RD da 73RD da 75RD a ficin 3/8, sai 27R a .404. Kamfanin Granberg na Amurka, masu firam ɗin da ake kira Alaskan, suna da tasu wadda aka rage faɗin wasu haƙora, biyu su tsaga gefe, biyu su kwashe tsakiya. Tana aiki, amma wasa ta yana son wanda ya fahimci tsarinta.

Sai siffar kusurwar haƙori. Akwai mai kusurwa tsini kamar lamba 7, akwai mai kusurwa a lanƙwashe. Mai tsini ta fi sauri a itace mai tsabta, amma da ta taɓa yashi ta mutu. A wajenmu mai lanƙwasa ce ta dace. Itacen tik yana da ƙwayoyin yashi a cikin namansa da ke dakushe ƙarfe. Odum kan ɓoye wani farin dutse a cikinsa. Gungumen da aka ja a jar ƙasa kuwa ɓawonsa cike yake da tsakuwa. Wawa da onyina, wato rimi, da sidirela su ne masu laushi da ba sa wahalar da haƙori.

In takobinka ya wuce inci 36 kuma faɗin gungume ya cika shi, ka nemi sarƙa mai tsallake, wadda haƙoranta suka yi nesa da juna. Haƙora kaɗan ne ke cikin itace a lokaci guda, inji ya samu sauƙi, gari ya samu hanyar fita, wasawa ma ta ragu. A gajeren takobi ba ta da amfani, sai ƙarin girgiza.

Mataki na uku: inda za a nema

Ka fara da dillalin da kamfanin Stihl ko Husqvarna ya amince da shi. Ko ba shi da ita a kanta, yana iya yi maka oda da lambar da ka kawo, kuma a nan ne ka fi samun tabbacin ta asali ce. Bayan shi sai shagunan kayan injin zarto na cikin gari, wajen Adum da kewayen Kejetia, da masu gyaran injuna a Magazin na Suame. Kafintoci da masu injin tsaga a Sokoban, inda aka mayar da masu sana'ar katako na Anloga, sun san wanda ke kawo kaya mai kyau da wanda ke kawo na banza, kuma tambaya ba ta cin kuɗi. In da wani ɗan zango mai aiki a can, daga Aboabo ko Asawase ko Sawaba, ka roƙe shi ya raka ka, ko ya haɗa ka da mai shagon da yake ciniki da shi.

Ka tafi da tsohuwar sarƙa a leda, in da hali har da takobin. In ka isa, bayan gaisuwa, ka yi maganar a fili: "Masta, ripin cen nake nema, ta firam. Fici .404, geji 1.6, ga yawan ƙafafu a takarda." Sau da yawa amsar da za ka ji ita ce, "Duk ɗaya ne, wannan ma tana tsagawa." Ba lallai yaudara yake nufi ba. Yawancin masu sayen sarƙa a wurinsa ta datsa suke saye su wasa ta yadda suka saba, don haka abin da ya sani ke nan. Kar ka yi musu. Ka ce ya ciro ta daga kwali ka gani. Ka ɗora ta a kan tebur kusa da tsohuwarka, ka dubi haƙoran daga sama. In karkatarsu iri ɗaya ce, ta datsa ce, ko me aka rubuta a kwali.

Wasu shaguna a naɗe suke sayen sarƙa, su yanka wa kowa gwargwadon ƙafafunsa. Naɗi mai tsawon ƙafa 100, wato wajen mita 30, na ficin 3/8 yana da ƙafafun sarƙa 1,640, wato zai fitar da sarƙa 14 ta takobi mai 114. In ku uku ne ko huɗu masu inji iri ɗaya, ku haɗa kuɗi ku yi odar naɗi guda na tsaga, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A shafukan saye da sayarwa irin su Jiji da Tonaton ana samun masu tallar sarƙa, galibi daga Accra. Kafin ka tura ko sidi ɗaya ta momo, ka ce a turo maka hoto uku: kwali, da lambar da ke ƙafa, da haƙori daga sama. Wanda ya ƙi, ka bar shi. In kuma ɗan'uwa ne zai taho da ita daga Jamus ko Amurka, ka tura masa cikakkiyar lamba da yawan ƙafafu a rubuce, kar ka bar shi da saƙon murya kawai, kuma ka ce ya sayo biyu.

Mataki na huɗu: dubawa kafin biya

Jabu ta yi yawa, kuma kwalinta wani lokaci ya fi na asali sheƙi. Ka dubi ƙarfen da kansa. A ta asali rubutun da aka buga a jiki yana fita tsaf, kawunan ƙusoshi duk girmansu ɗaya, haƙora duk tsawonsu ɗaya. A ƙafar sarƙar Stihl akwai ɗan kwarmi da aka zana don ya kai mai ga ƙusoshi. Ka lanƙwasa sarƙar gaɓa-gaɓa, kada wata gaɓa ta ƙage, kada wata ta yi sako-sako. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas a kan suna babba shi ma shaida ne. Sarƙar ƙaramin kamfani da ke sayarwa da sunansa na gaskiya ta fi mini wadda ta ari sunan wani, don aƙalla ka san abin da ka saya.

In daga naɗi aka yanka maka, ka tsaya a haɗa ta a gabanka. Ka ƙirga ƙafafu kafin a rufe. Mahaɗin ya zama sabo, na irin sarƙar, kuma a murza kan ƙusar da na'urar murzawa. Ƙusar da aka daddake da guduma a kan dutse ita ce ke tsinkewa a tsakiyar gungume, inji yana kan cikakken gudu, kai kuma kana durƙushe a gefensa. Ka duba kuma mahaɗin yana motsi kamar sauran gaɓoɓi.

Kar ka bar shagon ba tare da magagari ba. Ficin .404 yana son mai kaurin milimita 5.5. Ficin 3/8 yana son 5.2 a sarƙar Stihl, 5.5 a ta Oregon. Ka haɗa da magagari mai faɗi da ɗan ƙarfen auna tudun gaban haƙori.

In ba a samu ba

Wannan zai faru, kuma ba abin damuwa ba ne. Sarƙar datsa ta asali mai kusurwa a lanƙwashe, irin Stihl 36 RM ko 46 RM, in aka mayar da bakinta digiri 10, ta zama sarƙar tsaga. A ganina ta fi jabun da aka rubuta wa sunan tsaga sau goma.

Ga yadda za ka samu digiri 10 ba tare da na'ura ba. Ka samu ɗan katako mai faɗi da za ka ajiye a ƙarƙashin takobi. Ka ja layi ɗaya da zai bi tsawon takobi, ka ja wani da ya gicciye shi daidai, mai tsawon santimita 10. A ƙarshen na biyun ka matsa gefe santimita 1.8 ka sa ɗigo, ka haɗa ɗigon da mafarin layin. Wannan karkata ita ce digiri 10. Ka yi irinta ta ɗaya ɓangaren don haƙoran ɗaya gefen. In kana wasawa, magagari ya riƙa bin wannan layi, idonka yana ganinsa a ƙasa.

Kar ka nemi ka sauke daga 30 zuwa 10 a zama ɗaya, za ka cinye kaso mai yawa na haƙori a banza. Duk lokacin da za ka wasa, ka rage karkatar kaɗan, bayan wasu 'yan wasawa za ka iso. Magagari yana tafiya ne daga cikin haƙori zuwa waje, a turawa kawai yake ci, a dawowa ka ɗaga shi. Kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa ya leƙo saman haƙori. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne haƙoran dama da na hagu su zama tsawo ɗaya. Kowa yana da hannun da ya fi ƙarfi, sai gefe guda ya fi cinyewa, daga nan yanka ya fara karkata. Ka nemo haƙorin da ya fi gajarta, ka daidaita sauran da shi.

Tudun da ke gaban kowane haƙori shi ke ƙayyade zurfin cizo. A 3/8 ya kasance milimita 0.65 ƙasa da bakin haƙori, a .404 kuma 0.8. Akwai masu goge shi sosai don inji ya ci da sauri. A wawa za ka iya tsira da haka, amma a tik ko odum sarƙa za ta riƙa cafka tana tsayar da inji, tana kuma wahalar da kuloci.

Yankan farko

Ka jiƙa sabuwar sarƙa a man sarƙa tun dare. Ka duba sifroket, in sarƙa ta ci masa rami da ya kai rabin milimita, ka sauya shi, don tsohon sifroket yana lalata sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci. Ka ɗaure ta tana sanyi, ka bar inji ya juya ta kaɗan ba tare da yanka ba, ka kashe, ka sake ɗaurewa. Sabuwa tana miƙewa a farko, don haka ka duba ta bayan kowane yanka.

Ka ɓare ɓawon gungume a layin da sarƙa za ta bi, ko ka wanke shi da burushin ƙarfe. Mangwaro ko darbejiyar da ta tsufa a tsakar gida ko bakin titi, ka ɗauka akwai ƙusa a cikinta, ta igiyar shanya ko ta allon talla, wadda itace ya haɗiye tun tuni. A irin wannan ka fara da tsohuwar sarƙa.

Kana tafiya kana cusa weji, wato ɗan itace mai tsini, cikin tsagar a bayanka don katako kar ya danne takobi. Ka tura a hankali, ka bar inji ya riƙe muryarsa. Gari mai laushi ba laifi ba ne a tsaga, amma in ya koma ƙura, kana dannawa da ƙarfi, ko ka ji ƙauri, ka tsaya ka wasa. A itace mai tauri da faɗi, wasawa bayan yanka ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne, shi ya sa ake zuwa da sarƙa biyu ko uku a riƙa musanyawa. In kunya ta bayyana a fuska, ko tudun gaban haƙori ya yi ƙasa da yawa, ko sarƙa ta saki, ko hannunka yana tura firam da tsalle-tsalle. A dogon takobi man da inji ke turowa ba ya isa hanci, don haka ka ɗaura 'yar gora a ƙarshen firam tana ɗiga mai a kan sarƙa. Baƙin man da aka juye daga mota ba ya kama ƙarfe yadda ya kamata, yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe, kuma yana ɓata fuskar katako. Ka rufe hanci da kunne da ido, ƙurar odum da dahoma tana shaƙe mutum sosai.

Sarƙar tsaga ta firam ce kawai. Kar ka kayar da itace da ita, kar ka datsa, kar kuma ka tsaga da hannu ba firam, don masu ƙera ta da kansu sun yi gargaɗin tana iya sa inji ya yi shuri da baya. In an tashi aiki ka sassauta ta kafin ta huce, don tana tsukewa in ta yi sanyi, ta ja ƙarfen inji. Ka juya takobi duk lokacin da ka sauya sarƙa. A saman haƙorin sarƙoƙi da yawa akwai ɗan layi a can baya. In wasawa ta kai shi, ko ka ga tsagewa a kusa da ƙusa, sarƙar ta gama aikinta, sai a koma ga takardar lambobi a sayo wata.